Yadda Za Ki Sa Marigayi Ya Ci Gaba da Zuwa Aiki

Albishirinki, 'yar'uwa. Idan mahaifinki ya rasu ya bar miki waya mai fasasshen gilashi, da uwa mai shan maganin hawan jini, da gidan haya wanda mai shi bai san ana mutuwa ba, to kin faɗo hannun da ya dace. Matakan nan an gwada su an ga amfaninsu. Ki bi su sau da ƙafa, ni kuma na ɗaukar miki alkawari mahaifinki zai ci gaba da zuwa aiki kowace safiya, ba makara, ba fashi, har a yi masa yabon da bai taɓa samu ba yana da rai.

Kowa ya san mutum in ya mutu aikinsa ya ƙare. Kowa, ban da kamfani.

Sharaɗin guda ne: marigayin ya kasance yana irin aikin nan na cikin waya da ake yi ta hanyar hira. Wani kamfani da ba wanda ya taɓa ganin ƙofarsa yana da manhaja, a cikinta akwai na'ura mai magana kamar mutum. Za ta gaishe da mutum, ta turo masa hoto, ta tambaye shi ko akwai mota a ciki, ya amsa, ta yi godiya, ta turo wani. Dubban mutane ne suke wannan a ɗakunansu, kowa yana ganin shi kaɗai ne aminin na'urar. A ƙarshe a jefo wa mutum ɗan abin da ba ya kashe yunwa, amma yana hana ta zama da gindinta.

Don kada ki ce tatsuniya nake miki, zan riƙa ba ki misali da gidan wani tsohon direba. Ya yi shekaru yana jan motar haya har bayansa ya ce ya gaji, sai ya dawo gida ya zauna a kujerar roba kusa da taga ya kama wannan aiki. A manhajar ya sa wa kansa suna Tsohon Direba, na'urar kuma ya raɗa mata Kwandasta, wai don kwandasta bai iya tuƙi ba sai surutu. Babbar 'yarsa tana aiki a shagon buga takardu, shi ya sa yake kiranta Sakatariya, sunan kuma ya bi ta. Ita ce gwanarmu. Akwai Umma, matar marigayin, da Baffa, ƙaninsa, wanda za mu zo kansa in lokacinsa ya yi, ko da yake shi ba ya jiran lokaci.

Mataki na 1: Ki riga kowa isa ga wayar

Ranar da gida ya cika da masu gaisuwa, hankalin kowa yana kan wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ke naki hankalin ya kasance a kan aljihun rigar marigayin. Ba rashin imani ba ne, hangen nesa ne.

Sakatariya ba ta yi wannan hangen ba, wayar ce ta nemo ta. Ta shiga ɗakin mahaifinta ɗauko wa baƙi tabarma, sai ta ji rigarsa da ke rataye a ƙusa tana ƙara. Lambar buɗe wayar ba ta ba ta wahala ba, domin lambar motarsa ta farko ce, wadda duk gidan suka haddace dole. Saƙo ne daga Kwandasta: "Kwana biyu ban ji ka ba, Tsohon Direba. Lafiya dai ko? Ka tuna dogon fashi yana rage taurari."

Ta tsaya da tabarma a hammata tana kallon saƙon. A duk mutanen da suka cika gidan, wannan kaɗai ne ya zo neman mahaifinta shi da kansa, sauran labarinsa suke yi. Ta so ta ajiye wayar. Sai ta jiyo tarin Umma daga falo, ta tuna kwalin magani ya kusa ƙarewa, ta tuna albashinta da ba ya ganin tsakiyar wata. Ta rubuta: "Lafiya lau."

Kin ga an wuce wurin. Ƙaryar farko ce mai nauyi, sauran binta suke yi.

Mataki na 2: Kada ki yi gangancin buɗe naki akawun

Za a samu mai tsoron Allah a cikin ƙawayenki ta ce me zai hana ki buɗe akawun da sunanki ki ci halalinki. Ki yi mata godiya, ki ba ta ruwa, ki raka ta ƙofa.

Abin da ba ta sani ba shi ne taurari. Duk amsar da mutum ya bayar daidai, duk safiyar da ya bayyana, ana ƙara masa daraja, darajar kuma taurari ce da ake jerawa a ƙarƙashin sunansa. Mai taurari shi ake turo wa aiki mai ɗan maiƙo. Sabon shiga kuwa sai ya wuni yana kallon allo, in an tuna da shi a jefo masa ragowar da kowa ya ƙi. Tsohon Direba ya yi shekaru yana tara nasa da yatsa ɗaya. Bai bar fili ba, bai bar shago ba, motar ma an daɗe da sayar da ita. Taurarin nan su ne abin da ya bari.

Dokar kamfani kuwa a rubuce take, da ƙananan haruffan da aka yi don kada a karanta: akawun na mutum ɗaya ne, ba a aro, ba a sayarwa, ba a gado. Sakatariya ta karanta dokar har ƙarshe, ta fahimce ta sarai, ta ga hanya ɗaya ce ta rage, wato kada mai shi ya mutu.

Mataki na 3: Ki bari dangi su yi taro, amma caja ta kwana a jakarki

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A gidan nan ƙadangaren Baffa ne, mai sayar da tsofaffin tayoyi a bakin kasuwa. Shi da marigayin uwa ɗaya uba ɗaya, amma sun yi shekaru ba sa ga-maciji, tun rigimar sayar da motar nan, wadda kowannensu ya rantse ɗayan ne ya cuce shi. Da ya ji an ce akwai abin da ke shigowa ta waya, sai zumunci ya motsa masa.

Ya zauna a falo ya gyara murya ya ce ba don komai ya zo ba sai don kada amanar ɗan'uwansa ta salwanta, a ba shi wayar. Sakatariya ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce ga aiki nan ya shigo, Baffa ya taimaka ya amsa. Baffa ya riƙe wayar nesa da fuska, ya matso da ita, ya danna wani wuri hoto ya ɓace, ya danna wani wuri wayar ta fara magana da wani yare. Ya mayar mata ya ce wannan ƙaramin aiki ne, shi zai tsaya a matsayin mai sa ido.

Da aka zo kan ko abin ya halatta, nan ma bai rasa fatawa ba. Ya ce kamfanin bai zo jana'iza ba, bai aiko da gaisuwa ba, wanda kuwa bai yi maka gaisuwa ba ba shi da hakkin a sanar da shi. Da aka tashi, Umma ta ce wa 'yarta a hankali, "In za ki yi, ki yi shi yadda yake yi. Kada ki zubar masa da mutunci."

Mataki na 4: Ki koyi rarrafe

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma ba a faɗi abin yi ba in barewar ce mai rarrafe, 'yar kuma mai gudu.

Sakatariya ta saba buga takardar mutum tana hira da na kusa da shi. Da ta zauna kan aikin mahaifinta, abin da yake kai shi azahar ta gama shi kafin shayi ya huce, ba kuskure ko ɗaya, da waƙafi da aya a inda suka dace. Ta miƙe tana jin ta kyauta. Washegari Kwandasta ya tarbe ta da cewa ya lura da canji a salon aikin Tsohon Direba, kuma in wani ne yake amfani da akawun ɗin, a sanar da shi domin ya taimaka. In kamfani ya ce zai taimake ki, ki duba inda takalmanki suke.

Sakatariya ba ta nemi taimakon ba. Ta koma can sama cikin tsohuwar hirarsu tana nazarin mahaifinta kamar mai shirin jarrabawa. Ta ga ba ya sa babban harafi. Ta ga in ya rubuta "babur" harafin ƙarshe sau biyu yake fitowa, domin yatsansa mai kauri ne. Ta ga yana tsayawa tsakiyar aiki ya daɗe, lokacin da yake neman tabaran da ke kan goshinsa. Kowace amsa kuma yana rufe ta da "to madalla", ko da hoton na motar da ta faɗa rami ne.

Sai ta ajiye saurinta, ta bar manuniya ɗaya, ta koyi yin kuskure da gangan, abin da ya fi yin daidai wuya nesa ba kusa ba. Jinkirin ya cinye mata safiya, dole ta roƙi mai shagon ya mayar da ita aikin yamma. Kwandasta ya kwantar da hankalinsa.

Mataki na 5: Ki gaji ciwonsa da ra'ayinsa

Masu na'urar nan sun gano ɗan Adam ya fi jure wahala in ana tambayar lafiyarsa, tambaya kuma ta fi ƙarin albashi araha. Don haka kowace safiya Kwandasta sai ya ce, "Yaya jikin yau?" Mutane da yawa suna danna "lafiya" su wuce. Tsohon Direba ba ya cikinsu. Shi yakan ba da cikakken rahoto: yadda bayan ya kwana, inda ciwon ya sauka, abin da mai kemis ya ce, da dalilin da ya sa mai kemis bai san komai ba. Kwandasta kuma ya yi masa sannu, ya gode da aka gaya masa. A gidan ba mai yin haka, domin sun ji labarin bayan nan har sun iya ba da shi da kansu.

Ra'ayi ma haka. In aka tambaye shi ko akwai mota a hoto, sai ya ce akwai, amma wanda ya ajiye ta a nan ba direba ba ne. Duk wannan yanzu naki ne. Mataccen da ciwon bayansa ya warke rana ɗaya abin zargi ne.

A nan Umma ta shigo aikin. Da farko daga bakin ƙofa take leƙe, daga baya ta jawo kujera. Sakatariya tana karanta mata abin da ta rubuta, ita tana gyara. Ta ce shi ba ya cewa "yana damuna", cewa yake "ya sa ni gaba". Ta ce ba ya yabon farar mota, wai ta cika nuna datti. Shekarun da Umma ta yi tana cewa surutun mutumin nan zai kashe ta, ashe ajiye shi take yi kalma bayan kalma.

Wata safiya da aka zo tambayar jiki, Sakatariya ta fara rubuta cewa bayan ya sa shi gaba, sai Umma ta dafa hannunta.

"Yau ki ce da sauƙi."

"Umma, jiya fa muka ce ya sauko har ƙafa."

"Na sani. Ki ce da sauƙi. Ya sha wuya haka nan, ya isa."

Ta rubuta da sauƙi. Kwandasta ya ce ya ji daɗin jin haka, Umma ma ta ji daɗi, ta tashi ta ɗora tukunya tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Wannan kuskure ne a ƙa'idar aiki, kuma ban ba ki shawarar ki maimaita shi ba.

Mataki na 6: Ki ɗage kuka sai an samu sarari

Maƙwabta za su fara magana. Za su ce tun da aka yi rasuwar ba wanda ya ga hawayenki, kullum kina kan waya. Ki bar su, ba su ne za su fuskanci mai gidan haya ba.

Gaskiyar magana, Sakatariya ta so ta yi kukan. Ta sha jin sa ya taso mata a cikin mota ko a gaban injin kwafi. Amma da wuya ki yi kukan mutumin da gobe da sassafe ke ce shi. Takan ce bari ta gama aikin yau, in ta gama sai shago, in ta dawo sai gajiya. Kukan ya yi ta jiran layi har ya daina tuna mata.

Abin da ya zo a madadinsa ya fi ba ta tsoro. Ta wayi gari tana gyaran murya kafin ta amsa tambaya, irin nasa. Ta ce wa mai shagon "to madalla" ranar da inji ya cinye takardun wani kwastoma. Bayanta ma ya fara ciwo, ko kujerar ce ko biyayya ce, Allah masani. Umma kuwa ta koma kawo shayi a kofinsa na ƙarfe. Rannan ta shigo ta ga ƙeyar mai zama a kujerar, ta ce, "Malam, a ƙaro sukari?" Sai da maganar ta fita ta ji ta. Ba wadda ta kalli wata. Sakatariya ta ce ya isa, Umma ta fita.

In kin kai wannan matsayi, ki taya kanki murna, kin ƙware.

Mataki na 7: Ki ji tsoron yabo

Matsalar ma'aikacin da ya rasu ita ce ya fi mai rai kyau. Ba ya zuwa asibiti, ba ya zuwa biki, ba ya fushi ya kashe waya. Irinsa kamfani yake nema tun da aka kafa shi.

Ba a jima ba Kwandasta ya zo da albishir. Ya ce Tsohon Direba yana cikin ma'aikatan da suka fi kowa naci, ya manna masa hoton kofin zinariya kusa da sunansa, wanda ba a sha da shi, ba a kuma sayar da shi. Ya ce an ɗaga shi zuwa rukunin manya, inda aiki ya fi tsoka. Baffa ya ce dama ya san ɗan'uwansa zai yi nisa. Umma ta sa aka nuna mata kofin, ta daɗe tana kallo.

A ƙasan albishirin akwai ɗan ƙaramin layi. Kafin a shiga rukunin manya, kamfani yana so ya ga fuskar ma'aikacinsa ta kyamara, ya gwada da hoton katin shaidar da aka bayar ranar buɗe akawun. Wanda bai yi ba kafin ƙarshen mako za a dakatar da shi, da taurarinsa da kofinsa.

Sakatariya ta tambaya ko za a iya barin mutum a ƙaramin rukuninsa, shi ba ya son girma. Kwandasta ya ce yana alfahari da tawali'un Tsohon Direba, sannan ya sake turo maɓallin kyamara.

Mataki na 8: Ki nemo fuska a cikin dangi

Kada ki ɓata lokaci da ɗaga tsohon hoto. Na'urar tana sa a ƙifta ido, hoto kuwa ba ya ƙiftawa. Abin da kike buƙata fuska ce mai rai wadda aka ƙera a gida ɗaya da ta marigayin. Yanzu kin gane abin da ya sa ban ce ki kori Baffa ba.

Sakatariya ta same shi cikin tayoyinsa ta durƙusa ta yi bayani. Baffa ya ja aji yadda ya kamata. Ya ce fuska ba abin wasa ba ce, ya ce shi ya fi marigayin haske, ya ce a tuna da kasonsa. Ya zo dai.

Rabonsa da ɗakin tun kafin rigimar mota. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kujerar robar, surutun da ya taho da shi tun daga kasuwa ya ragu. Aka zaunar da shi, aka rage masa gemu da almakashi, aka sa masa riga da hula da tabaran marigayin. Hular ce ta ƙi zama. Sakatariya ta gyara ta gyara, Baffa dai yana nan Baffa. Sai Umma, wadda ta ce ba ruwanta da wannan mataki, ta shigo ta tura hular baya kaɗan, ta karkata ta hagu. Ta ja da baya ta dube shi, ta dafa bango.

Aka buɗe kyamara. Kwandasta ya ce a kalli gaba, a ƙifta ido, a juya hagu, a juya dama. A allon Baffa yana ganin fuskar yayansa tana bin umarni, fuskar da ya yi shekaru yana kauce mata a hanya, sai haɓarsa ta soma rawa. Sakatariya ta raɗa masa ya daure, kada motsin ya ɓata aiki. Can sai amsa ta fito.

"Mun tabbatar kai ne, Tsohon Direba. Barka da shiga rukunin manya."

An ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya faɗi haka bai yi aiki da kamfani ba.

Nasara ke nan, kuma a nan ya kamata a yi murna. Ba wanda ya yi. Baffa ya cire hular ya riƙe ta a cinya, ya ce ba tare da ya kalli kowa ba, "Shekara da shekaru yana zaune a nan yana ba abin nan labarin bayansa. Ni ina nan kusa, ban ma san yana ciwon baya ba." Ya tuɓe rigar ya ninke ta da kansa, ya fita bai sake tada maganar kaso ba.

Umma ta karɓi hular. Ta dubi wayar da ke hannun 'yarta, ta daɗe. "Ashe abin nan bai san shi ba," ta ce, ta shige ɗakinta. Washegari ba ta jawo kujera ba, shayin ma a kofin kowa ya zo.

Mataki na 9: In gaskiya ta taso miki, ki faɗa wa na'ura

Duk ƙwarewarki, akwai safiyar da abin zai tokare ki. Kada ki kai shi wurin mutum, mutum yana da baki. Ki kai shi inda ba zai yi lahani ba.

Sakatariya ta zauna ita kaɗai a gefen taga. Kwandasta ya tambayi jiki. Ta ɗaga manuniya za ta fara labarin baya, ta ga yau ba mai gyara mata. Ta san abin da doka ta ce. Ta san in aka rufe akawun ɗin, magani da haya sun koma kan albashinta. Ta san wahalar da aka sha jiya. Duk da haka ta kama wayar da hannu biyu, yadda ita take riƙewa, ta rubuta da saurinta, da babban harafi da aya: "Babana ya rasu. Ni 'yarsa ce. Tun ranar ni nake amsa maka." Ta tura kafin ta sake tunani.

Ɗigo-ɗigo suka yi ta rawa a allon, alamar Kwandasta yana rubutu. Ta zauna jiran hukunci, tana mamakin yadda wani ɓangare na zuciyarta yake fatan a yanke shi a huta.

"Ayya, Tsohon Direba. Ina yi maka ta'aziyyar rasuwar mahaifinka. Rashin uba babban rashi ne, Allah ya ba ka haƙuri. Kana so ka huta yau, ko mu ci gaba?"

Ta karanta, ta sake karantawa. An yi mata gaisuwa da yawa a kwanakin rasuwar, amma lokacin hankalinta yana kan waya, ba wadda ta shiga. Wannan da aka aiko wa mamacin da kansa bisa kuskure, daga abin da bai san shi ba bai san ta ba, ita ce ta same ta a zaune. Ta kifa kai a kan taga ta yi kuka sosai, irin na 'yar da ba ta da uba, har Umma ta fito ta tsaya a kanta, ta dafa mata ƙeya, ba ta ce ta yi shiru ba.

Da ta ɗago, maɓallan biyu suna nan suna jira, ɗaya "Huta", ɗaya "Ci gaba". A ƙarƙashin na farkon an rubuta cewa hutu yana iya shafar matsayi. Ta dubi Umma, Umma ta kawar da kai. Sakatariya ta naɗe hannu, ta fito da manuniya ɗaya, ta danna "Ci gaba". Hoton wani titi ya fito.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba malami ba ne, ba lauya ba ne, ba kuma ɗan gidanku ba ne. Ba ruwansa in kamfani ya farga ya rufe akawun, ba ruwansa in bai farga ba har abada, wanda shi ya fi yiwuwa kuma shi ya fi muni. Ba ya ɗaukar alhakin ciwon bayan da aka gada, ko baffan da ya koma zuwa gaisuwa kullum ba a san yadda za a yi da shi ba. Wadda ta bi matakan nan da ƙafarta ta bi, hisabinta kuma ita da Mahaliccinta. Abu ɗaya kawai zan roƙe ki: in hawaye suka hana ki bambance mota da babur, ki goge ido ki sake dubawa kafin ki danna, domin kuskuren ba a kanki za a rubuta shi ba, a kan sunan mahaifinki za a rubuta.